Tafarnuwa a Ƙarƙashin Dusar Ƙanƙara

A takardar da dillali ya ba ni an rubuta cewa zan je Romaniya koyon noman zamani, irin na cikin ɗakin gilashi, in an gama a ba ni satifiket in dawo in koya wa mutanen ƙauyenmu. Ɗakin gilashin dai na gan shi, ta tagar mota, a hanyarmu daga filin jirgi. Ganin farko ke nan, kuma na ƙarshe. Inda aka sauke mu gonar kabeji ce wadda ido ba ya kaiwa ƙarshenta. Aka miƙa wa kowa wuƙa da takalmin roba, aka nuna mana kwantenar da za mu riƙa kwana. Na tambayi mai kula da mu yaushe za a fara darasi, ya nuna mini kabejin ya ce ga malamin nan.

Sunana Ishaya. Ƙauyenmu yana tsakanin Makoɗa da Ɗambatta, inda gona ke manne da gona har in ka yi atishawa a taka maƙwabci ya amsa daga tasa. Gidajen Kirista kaɗan ne a cikin Musulmi, kuma tun kakanni tare muke noma, tare muke jana'iza. Marigayi mahaifina dattijon coci ne. Ni kuwa tun ina ƙarami ake tsayar da ni gaban jama'a ina zubo ayoyi da ka, mata na guɗa, shi ya sa kowa ya ɗauka bangaskiyata ta kai ta kawo. Matata Saratu ce kaɗai ta san gaskiya. Takan ce in aka ga hadari ni ambaliya nake hangowa, in ba a gani ba kuma fari. Sarkin zullumi take ce mini, ban taɓa musa mata ba.

Zangon farko ke nan, gonar kabeji, wata uku. Mu goma sha biyu ne a kwantena, yawanci mutanen Nepal, sai wani Usmanu ɗan Senegal wanda ya shekara biyu a ƙasar har ya iya yarensu. Ranar da ya ji daga Kano nake ya shimfiɗa mini darduma kusa da tasa. Da na ce masa ni Kirista ne ya dube ni sama da ƙasa, ya ce bai taɓa jin Bakano Kirista ba. Na ce to yau ya gani, gani kuwa ya kori ji. Daga nan muka zama abokan shayi. In zai yi salla ni nake tsare masa butar shayin kada ta ƙone, in Lahadi ta zo shi yake tuna mini, yana cewa mai addini ba ya wasa da ranarsa.

Ƙarshen Oktoba kabeji ya ƙare, dillali ma ya ƙare. Lambarsa ta daina shiga, ofishin da ya ce nasa ne muka tarar shagon gyaran taya ne. Aka gaya mana doka: duk wanda bai sami mai ɗaukarsa aiki ba cikin 'yan makonni, sai ya koma ƙasarsa. Ba komawar ce ta fi tayar mini da hankali ba, yadda zan koma ne. Duk ƙauye sun rako ni bakin titi, fasto ya ɗora mini hannu, Malam Garba maƙwabcin gonarmu ya yi mini tasa addu'ar, ya ce in dawo musu da ilimi. In dawo da me, da labarin yankan kabeji?

Usmanu ya sami gurbi wajen 'yan'uwansa masu aikin gini, na mutum ɗaya. Bai tafi ba sai da ya ja ni kasuwar wani ƙauye, yana bi rumfa rumfa yana tambaya ko akwai mai neman hannu. A can ƙarshen layi muka sami wata tsohuwa mai ɗankwali baƙi, tana zaune gaban kitsattsiyar tafarnuwa. Ba ta dubi fuskata ba, tafin hannuna ta kama ta juya, ta latsa kantar da garma ta bar mini, ta gyaɗa kai. Haka aka ɗauke ni aiki, kamar yadda ake duba haƙoran rago. Usmanu ya tuɓe babbar rigar sanyinsa ya rataya mini, ya ce sanyin da na gani zuwa yanzu sallama ce kawai yake yi.

Sunan tsohuwar ya fi ƙarfin harshena, sai na sa mata Kaka, ta kuwa amsa. Ɗanta Mihai, wanda ke aiki a birni kuma yana jin Turanci, shi ya zo ya yi takardu, ya kuma faɗa mini maganar ba ɓoye-ɓoye. Jibi za a kwantar da uwarsa asibiti a yi mata aikin ƙugu, lokacin shuka kuma yana wucewa. Irin tafarnuwar da ke rataye a rumbunta ta gada ne daga uwarta, ba a sayar da irinsa a ko'ina, kuma shi ke nan abin da ya rage. In gonar ta tsiro bayan sanyi, zai sabunta mini takarda, uwarsa ta ci gaba da zama a gidanta. In ba ta tsiro ba, zai sayar da filin ya ɗauke ta zuwa birni, ni kuma in kama hanyar gida. Kaka ba ta jin Turanci, amma ta san me ake faɗa, don ta kafe bango da ido har ya gama.

Kafin a tafi da ita ta nuna mini da hannu yadda ake yi: a ɓare tafarnuwa ƙwaya ƙwaya, tsinin ya kalli sama, zurfin yatsa, tazarar taƙi. Abu ɗaya ne ba ta faɗa ba, don ba ta zaci akwai mai bukatar a faɗa masa ba. Su a shimfiɗe suke shuka.

Ni kuwa ɗan tudu ne, gero da dawa da gyaɗa na sani. A wurinmu wanda ya shuka ba huɗa rago ne, abin nunawa da baki. Na dubi filin nan baƙi wuluk a shimfiɗe, raina ya ƙi. Na nemi garma ban samu ba, sai na ɗauki wani tsohon shebur na lanƙwasa wuyansa a kan dutse, na shiga huɗa. Kwana tara ina yi. Na tayar da kunyoyi miƙaƙƙu irin waɗanda mahaifina zai gani ya yi shiru, wanda a wurinsa shi ne yabo, na jera tafarnuwar a kansu kamar gyaɗa. Tun da na sauka ƙasar ban yi farin ciki irin na kwanakin nan ba, har waƙar coci na kama kaina ina yi.

Ranar ƙarshe maƙwabcin Kaka, wani ƙato mai gashin baki kamar tsintsiya, ya dawo daga tafiya ya jingina da shinge. Ya dubi gonar, ya dube ni. Ya nuna kunyoyin, ya rungume jikinsa yana karkarwa, sannan ya ja yatsa a maƙogwaro. Wannan ba ya bukatar tafinta. Kafin la'asar Mihai ya kira.

“Me ka yi wa gonar uwata?” ya ce.

Na ce huɗa na yi. Ya ce sanyin ƙasarsu yana daskarar da ƙasa ta zama dutse, abin da aka ɗaga sama kuwa shi yake fara kamawa ta kowane gefe. Na ce to bari in baje in sake. Ya ce lokaci ya wuce, a makon nan ƙasa za ta fara daskarewa. Sannan ya ce sai dai a jira a gani, ya kashe waya. Rashin sani ya fi dare duhu, ni da hannuna na ɗauki gadon tsohuwa na ɗora wa sanyi a faifai.

Washegari da safe sai ga Mai Gashin Baki da keken doki shaƙe da busasshen karan alkama. Yana ta mita cikin yarensu, ina jin ba yabona yake ba, amma ya miƙo mini ƙaton cokali mai yatsu na ɗibar kara, muka lulluɓe kunyoyin nan kaf. Da muka gama ya ciro tuffa daga aljihu ya jefo mini, ya tafi bai waiwayo ba.

Daga nan aka shiga jira, abin da ban iya ba. Na taɓa ganin masu lambu a bakin dam ɗinmu suna shuka tafarnuwa, kwana goma ta huda ƙasa. Na ƙirga goma, ba komai. Ashirin, ba komai. Sai na zaɓi kunya ta ƙarshe, ta jikin shinge, na ce bari in duba guda ɗaya kawai. Na yaye kara, na tona, na ciro ƙwayar. Ta fitar da 'yan saiwoyi farare kamar gemun akuya, amma ba tsiro. Na mayar na rufe. Bayan kwana biyu na ce wataƙila waccan ce mai nawa, bari in duba ta gaba. Haka na riƙa bin kunyar nan kusan kullum da safe, ina tonowa ina dubawa ina mayarwa. Da ƙasa ta yi tauri na koma sa ƙarfe. Dusar ƙanƙara ta sauko ta rufe duniya fari fat, ban fasa ba, sai in share ta in ci gaba daga inda na tsaya.

Disamba ta same ni ni kaɗai a gidan. A gida lokacin an gama yankan dawa, ana ɗaurin dami. Saratu ta gaya mini Malam Garba ya kawo shanunsa da amalanke ya kwashe mana amfanin gona kafin ya taɓa nasa, ya ce gonar matafiyi amana ce. Ta ce a bikin godiya 'yarmu Murna ce ta ɗauki zangarniyar gero zuwa gaban coci, tana tafe tana hararar duk wanda ya yi dariya. Ranar Kirsimeti ta lissafa mini gidajen da aka kai wa shinkafa da nama, ta ce matar Malam Garba ta tambaya ko ana samun yaji a inda nake. Duk lokacin da ta ce, “Baban Murna, lafiya dai ko?” sai in ce lafiya lau, karatu ya yi daɗi. In na ajiye waya kewa ta taso mini har in rasa inda zan sa kaina.

Addu'a kuwa na daina. Zan faɗa a fili, don na daɗe ina ɓoyewa: na fara shakkar ko akwai mai saurare. Na ce na roƙa kafin in taso, aka damfare ni. Na yi aiki da zuciya ɗaya, ya zama ɓarna. In Allah yana ji, to ko Hausar tawa ce ba ta kaiwa nan? Ayoyin da na haddace suna nan a kaina daram, amma sun zama kamar kwanon da aka wanke aka kife. Littafi Mai Tsarkina na Hausa yana kan tebur a kicin, amfaninsa ɗaya, ina danne takarduna da shi.

Bayan sabuwar shekara aka dawo da Kaka, tana dogara sanduna biyu. Na yi zaton ranar zan sha zagi. Ta leƙa gonar ta taga, ta ga tudun kunyoyi a ƙarƙashin dusar ƙanƙara, ta yi wani ƙaramin sauti a hanci, ta nemi shayi. Matsalarmu magana ce. Ba ta yarda da waya ba, in na miƙo mata don ta fassara sai ta ture kamar na miƙo mata kunama. Kwana uku muna zaman kurame.

Rana ta huɗu ta ga littafin a kan tebur. Ta ɗaga, ta ga gicciye a bangonsa, ta buɗe, ta kasa karanta ko kalma. Sai ta sa na ɗauko mata nata daga ƙarƙashin hotunan tsarkaka, wani ƙato mai baƙin bango. Ta sa tabarau, ta yi ta buɗawa, ta ɗora yatsa a kan wani wuri, ta nuna mini sunan littafi da lambar sura da ta aya. Sunayen sun yi kama da namu, lamba kuwa lamba ce a ko'ina. Na nema a nawa. Wurin nan ne da Ubangiji Yesu, bayan tashinsa, ya kira almajiransa a bakin teku su zo su karya kumallo. Na ɗaga kai, sai na ga tana nuna tukunya a kan murhu. Dariyar da na yi har sai da na riƙe ciki, ita ma ta yi har tana dafe ƙugun da aka ɗinke.

Mun sami tafinta ke nan. In na makara da safe, ina fitowa zan tarar ta buɗe inda ake aika malalaci wurin tururuwa ya koyi hankali. Ni kuma in rama da inda aka ce kada a sa wa bijimi takunkumi yana sussuka, in nuna kwanona da ya zama wayam. In itace ya ƙare akwai ayarsa, in akuyarta ta ɓalle akwai ta ɓatacciyar tunkiya. Zabura ce kawai ta ƙi mu, don lambobinsu ba sa haɗuwa da namu, sai in nuna mata wadda ke maganar makiyayi ita ta karanta wani abu dabam ta dube ni kamar na zautu. Tsohuwar nan ta san littafin kamar yadda mahaifiyata Inna ta san rumbunta, ta san inda komai yake ko da ido rufe. Ni kuma da na ɗauke shi ƙamus, sai ga shi ina karanta shi sau goma a rana, fiye da yadda na taɓa yi a gida.

Abincinsu na kullum kuwa, in gaya muku, tuwon masara ne. Sun sa masa wani suna, suna ci da cuku, amma tuwo ne. Na tuna ƙullin kuka da daddawa da Saratu ta cusa mini a jaka, na kaɗa miya. Warin daddawa ya kori kyanwar gidan, ya kuma jawo Mai Gashin Baki, wanda ya leƙo ya ga ko wani abu ne ya mutu. Ya ɗanɗana yana yamutsa fuska, sannan ya miƙo kwano a ƙara.

Duk da haka ban daina tono ba, sai dai na koma yi a ɓoye, kafin ta fito. Wata safiya ina durƙushe a jikin shinge, ƙarfe a hannu, yatsuna sun mutu don sanyi, sai na ji ana ƙwanƙwasa gilashin taga da sanda. Na shigo kamar ɓarawon da aka kama da akuya a kafaɗa. Ba ta ɗaga murya ba. Littafinta yana buɗe, yatsarta a kai: Markus, sura huɗu, wajen ƙarshe.

Na san wurin, na taɓa zubo shi da ka ina ɗan shekara goma. Misalin mutumin nan ne da ya watsa iri a ƙasa, ya riƙa kwanciya yana tashi, dare da rana, irin kuwa ya tsiro ya yi girma, shi bai ma san ta yaya ba. Ƙasa da kanta take ba da amfani, da fari tsiro, sannan kai, sannan ƙwaya. Na karanta sau ɗaya, ta sa na sake. A na biyun ne na tsaya a kan cewa shi bai san ta yaya ba. Wato ba a ce manomin ya gane ba, ba a ce ya tabbatar ba. An ce ya kwanta.

Sai mahaifina ya faɗo mini a rai. A wurinmu akwai shukar da ake kira binne: tun kafin ruwan farko, ƙasa a bushe ƙamas, rana na dukan ƙeya, sai mutum ya ɗebi irin geronsa mafi kyau ya binne a gona, ya koma gida. Wani lokaci mako uku sama ba ta ce komai ba. Duk shekara mahaifina yana yi, kuma ban taɓa ganin ya koma ya tona ya duba ba. Yakan shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya ya yi barcin rana har da minshari, ni ina zaune ina kallon gabas. A da na ɗauka rashin damuwa ne. Ranar, a kicin ɗin tsohuwa, na gane ya yi nasa ne ya bar wa Mai sama nasa.

Hawaye suka zubo mini, ban ɓoye ba. Na ja littafina na buɗe gaba kaɗan, sura tara, inda wani uba ya kawo ɗansa marar lafiya, ya ce ya ba da gaskiya, amma a taimaki rashin bangaskiyarsa. Na nuna mata lambar, na nuna ƙirjina. Ta nema, ta karanta tana motsa leɓe. Sannan ta ɗaga yatsa ta nuna nata ƙirjin, ta nuna hanyar birni ta taga. Ashe duk dariyar nan ita ma da tsoronta take kwana take tashi. Ta miƙo hannu, na ba ta ƙarfen tonon, ta jefa shi bayan murhu. Muka yi addu'a, ita da yarenta ni da nawa, muka haɗu a amin.

Da yamma na kira gida na ce a haɗa ni da Saratu da Inna tare, na faɗi komai, tun daga kabeji har tono. Saratu ta ce ta daɗe da sanin akwai magana, don mai karatu ba ya kasa faɗin sunan malaminsa ko ɗaya. Inna ta bari ta gama.

“Ishaya, ka shuka ko ba ka shuka ba?”

Na ce na shuka, Inna.

“Ka rufe?”

Na ce na rufe.

“To me kake nema a ciki? In ya fito mun gode, in bai fito ba ka dawo, ɗakinka yana nan, gero yana rumbu. Mu kai muka aika, ba takarda ba.”

Ba zan ce daga ranar zullumi ya sake ni ba, hali zanen dutse ne. Sau da yawa ƙafata takan kama hanyar shinge da kanta. Amma na sami abin yi da shi. In ya taso sai in dawo kicin in buɗe sura huɗun nan in karanta da ƙarfi, ko inda aka ce a dubi tsuntsaye, ba sa shuka ba sa girbi amma ana ciyar da su, gobe kuma ta ji da kanta. Sannan in ɗauki gatari in tafi faskare. Itacen da na faskara a Fabrairun nan ya ishe ta shekara biyu. Ran Lahadi Mai Gashin Baki yakan ɗauke mu a keken doki zuwa cocinsu, inda ake tsayuwa awa biyu ba benci, ban gane ko kalma ba amma nakan fito da sauƙi a rai. Tsofaffin matan ƙauyen suka saƙa mini safa har ƙafa uku, wata mai ruwan hoda, kuma na sa ta.

A watan Maris sanyi ya fara janyewa, sai wata sabuwa ta ɓullo. Dusar nan duk ta narke lokaci ɗaya, ga ruwan sama a kai, filayen ƙauyen kuwa a kwari suke. Ruwa ya kwanta ko'ina. Gonar Mai Gashin Baki ta zama tafki, yana tsaye a bakinta da shebur yana yanka hanya ruwan na dawowa. A tamu ruwan ya cika kwarin kunyoyi ya tsaya, tudun suna sama kamar bayan kada. Na ce shi ke nan, abin da sanyi ya rage ruwa zai ƙarasa. Kaka ta hana a taɓa karan sai ranar Asabar, ranar da Mihai zai zo ya yanke magana. Kwana biyar ɗin nan na karanta sura huɗu har takardar ta yi laushi.

Ya zo da hantsi, da takalmin birni, da takardu iri biyu a jaka, ban tambayi na mene ne ba. Kaka ta ce sai an kai ta gonar. Muka ɗora ta a kujera, ni da Mai Gashin Baki muka ɗauka, muka dire a bakin kunya ta farko. Ta nuna ni da sanda. Na durƙusa a cikin laka, na ce a raina, Ubangiji, na ba da gaskiya, ka taimaki sauran. Na yaye karan.

Tsiro ne, kore shar, tsaye kamar masilla, a jere taƙi taƙi yadda na sa su. Na ƙara yayewa, suna nan. Na tashi na bi kunyar da gudu ina watsar da kara, na tsallaka ta biyu, ta uku, ko'ina suna nan. Ban san lokacin da na fara rawa ba, rawar da ake yi a cocinmu ranar godiya, laka har gwiwa. Mai Gashin Baki ya cire hula ya yi alamar gicciye, ya zo ya rungume ni har ƙashina ya yi ƙara, sannan ya nuna tafkin gonarsa, ya nuna lanƙwasasshen shebur ɗina, ya nuna ni. Mihai ya fassara: wai in lokacin shuka ya zagayo in zo in yi masa irin wannan ɓarnar. Kaka kuwa ta sa aka tsinko mata ganye ɗaya, ta murza, ta shinshina, ta rufe ido.

Mihai ya tsaya ya daɗe yana kallon uwarsa. Ya buɗe jaka ya ciro takarda ɗaya, ya ɗora a kan gwiwa ya sa hannu ya miƙo mini, ɗayar kuma ya ninke ta ya tura can ƙasan jaka. Ya faɗa wa uwarsa wata magana gajera, ta kama kunnensa ta ja kamar ƙaramin yaro, tana dariya tana hawaye.

Muka ci gaba da yaye karan har muka kai kunya ta ƙarshe, ta jikin shinge. Daga farkonta har kusan ƙarshe ba ko tsiro ɗaya, ƙasa ce baƙa tsirara, sai can inda ƙarfena bai kai ba 'yan kore suka fara. A duk gonar ita kaɗai ce ta mutu. Mihai ya dube ta, ya dubi sauran, ya tambaye ni me ya sami wannan, ko iri ne ya ƙare mini a nan.

Kaka ta riga ta fara kyakyatawa a kan kujerarta, tana jiran ta ji me zan ce.

Na ce, “A'a, iri bai ƙare ba. Wannan ita ce wadda na fi kulawa da ita.”